Darasin Kimiyya: Yadda Ake Sa 'Yar Tsana Ta Yi Motsi a Fim

 Darasinmu na yau a kan wani nau'in fim ne da ake yi da 'yan tsana na yumɓu ko na roba, waɗanda idan aka kunna fim ɗin sai a ga suna tafiya, suna gudu, suna magana kamar masu rai. Turawa na kiran wannan dabara stop-motion. A faɗe ba ta da wuya. A tsayar da 'yar tsana gaban kyamara, a ɗauki hoto ɗaya, a ɗan matsar da hannunta ko ƙafarta da abin da bai fi kaurin tsinken ashana ba, mai aikin ya janye hannunsa, a sake ɗaukar wani hoton. Haka za a yi ta yi har a tara dubban hotuna, sannan a jera su a haska da sauri.

Abin da nake so ku riƙe tun daga yanzu shi ne, babu motsi ko ɗaya a cikin fim ɗin. A ƙwaƙwalwar mai kallo motsin yake haɗuwa. Kuma kusan duk wata dabara da ma'aikata ke yi a bayan fage amsa ce ga wata matsala ta kimiyya, ko ta gani, ko ta nauyi, ko ta zafi, ko ta haske. Za mu bi su ta kan finafinan kamfanin Aardman da ke birnin Bristol a Ingila, wanda Peter Lord da David Sproxton suka kafa a 1972, tare da leƙa wasu gidajen fim ɗin idan buƙata ta taso.

Ido da ƙwaƙwalwa

Kun san fitilun ado da ake ratayawa a wurin biki ko a gaban shago, waɗanda haske ke zama kamar yana gudu a jikin waya. Babu ƙwan da ya bar wurinsa. Wannan ya kama ya mutu, na kusa da shi ya kama ya mutu, sai ƙwaƙwalwa ta yanke hukuncin cewa haske ɗaya ne yake tafiya. A 1912 wani masani mai suna Max Wertheimer ya yi gwaji a kan wannan a birnin Frankfurt na Jamus. Ya riƙa haska layi biyu ɗaya bayan ɗaya yana canza tazarar lokacin da ke tsakaninsu. Idan tazarar ta yi tsawo, mai kallo yakan ga layi biyu daban-daban, wannan na bin wancan. Idan ta yi gajarta ƙwarai, yakan gan su tare a lokaci guda. Amma a tsakiya akwai wata tazara da idan aka dace da ita, mutum zai rantse layi ɗaya ne ya tashi daga nan ya koma can. A kan wannan tazarar aka gina duk wani fim na duniya.

Za ku tarar a wasu tsofaffin littattafai an ce dalilin shi ne hoto yakan ɗan daɗe a cikin ido bayan abin ya wuce. Akwai gaskiya a ciki. Shi ya sa idan yaro ya juya itace mai garwashi da dare ake ganin da'irar wuta. Sai dai wannan bayanin bai isa ba. Da shi kaɗai ne, da hotunan sun riƙa hawa kan juna suna cakuɗewa. Ƙwaƙwalwa ce ke kwatanta hoton yanzu da wanda ya gabata, ta cike giɓin da ke tsakani da motsi.

A sinima ana haska hoto 24 a kowace daƙiƙa. An tsaya a kan wannan adadi ne a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da aka fara saka murya a fim, domin sauti yana buƙatar gudu ɗaya da ba ya canzawa. To ku ɗauko biro mu yi lissafi. Fim ɗin Chicken Run, wanda Aardman ya fitar a 2000 a kan wasu kaji da ke ƙulla yadda za su tsere daga gona, tsawonsa minti 84 ne. Minti 84 sau 60 ya ba mu daƙiƙa 5,040. Sau 24 kuma, hoto 120,960. Don a rage wahala, a gidan Aardman galibi akan bar kowace tsayuwar 'yar tsana ta ci hoto biyu, wato motsi 12 a daƙiƙa maimakon 24. Ido yana karɓar hakan, sai dai a wurin gudu ko faɗa, inda dole a koma ɗaya-ɗaya. Ko da wannan rangwamen, a lokacin aikin Chicken Run, da dandali kusan 30 da ake aiki a kansu lokaci guda, abin da duk ma'aikatan suke iya kammalawa a mako bai wuce kimanin minti ɗaya na fim ba.

Ƙwarangwal da nauyi

Matsala ta farko ita ce tsayuwa. Mutum idan yana tafiya, a kowane taku yakan ɗan faɗi gaba ne sannan ɗaya ƙafar ta tare shi. Ba ya kifewa saboda abin yana faruwa cikin ƙiftawar ido. Ita kuwa 'yar tsana dole ta tsaya cak a tsakiyar wannan faɗuwar, ƙafa ɗaya a sama, jiki a karkace, na tsawon mintuna, wani lokaci har kwana. Dokar kimiyya kuwa ta ce duk abin da tsakiyar nauyinsa ta fita daga saman inda ya taka, sai ya faɗi.

Don haka ake sa mata ƙwarangwal a ciki. Mai araha na wayar alminiyom ne da aka murɗa, amma waya idan aka yi ta lanƙwasa ta a wuri ɗaya sai ta gaji ta karye. A manyan finafinai ana ƙera ƙwarangwal na ƙarfe mai gaɓoɓi, kowace gaɓa ɗan ƙwallo ne da aka matse tsakanin faranti biyu. Idan matsin ya yi yawa, gaɓar ba za ta juyu a hankali ba. Idan ya yi kaɗan, hannu zai riƙa saukowa da kansa tsakanin hoto da hoto. Sannan ana huda ƙasan dandalin, a zuro kusa mai zare daga ƙasa ta shiga tafin ƙafar 'yar tsanar, a ɗaure tamau. Kowane taku da raminsa, kuma ramin da aka bari a baya sai an toshe shi an shafe kafin hoto na gaba. Idan tsalle za ta yi, sai a riƙe ta da wani sandan ƙarfe daga baya, daga bisani a goge sandan da kwamfuta a kowane hoto.

Yanzu ga inda na fi so ku natsu. Duniya tana yi wa mai ɗaukar fim ɗin mutane aiki kyauta. Idan ɗan wasa ya saki ƙwallo, ƙasa za ta ja ta da kanta, kyamara ta ɗauka. Mai motsa 'yar tsana ba shi da wannan gata. Shi zai auna inda ƙwallon za ta kasance a kowane hoto. Abin da aka saki daga sama gudunsa yana ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa, a kowace daƙiƙa. Idan muka raba daƙiƙa gida 24, a hoton farko ƙwallon za ta sauka da milimita 8.5 kawai. Daga nan zuwa hoto na biyu za ta ƙara milimita 25.5, zuwa na uku 42.5, zuwa na huɗu 59.5. Ku raba kowanne da 8.5, za ku ga 1, 3, 5, 7. Wannan jerin na lambobin mara shi ne abin da Galileo ya gano sama da shekara 400 da suka wuce, yana gangaro da ƙwallaye a kan katako. A hoto na 12, wato rabin daƙiƙa, ƙwallon ta riga ta sauka da mita 1.2.

Idan mai aikin ya yi ganganci ya riƙa saukar da ƙwallon da tazara iri ɗaya a kowane hoto, mai kallo ba zai iya faɗin lambobin ba, amma nan take zai ji a jikinsa cewa wannan ba faɗuwa ba ce, ana zuro ta ne da zare. Sannan akwai batun girma. Idan 'yar tsanar kashi ɗaya cikin shida ce na tsawon mutum, dole a raba waɗancan tazarori gida shida, tazarar farko ta koma ƙasa da milimita ɗaya da rabi. In ba haka ba ƙwaƙwalwa za ta gane cewa ƙaramin abu ne a kan tebur. Haka yake ga ɗaga hannu da juya kai. Babu gaɓar da ke tashi da cikakken gudu ko ta tsaya farat ɗaya. Tazarar takan fara ƙanana, ta buɗe a tsakiya, ta sake tsukewa a ƙarshe. Abu mai nauyi yana buƙatar hotuna da yawa kafin ya ɗauki gudu, mara nauyi kaɗan. A ganina nan ne ake gane gwani, domin yumɓun da bai kai nauyin kofin shayi ba zai sa ka yarda ƙato ne, da tazara kawai.

Ku dubi abin da Ray Harryhausen ya yi a fim ɗin Jason and the Argonauts na 1963, inda ƙwarangwal bakwai suka yi faɗa da mutane uku na gaske. Kowane ƙwarangwal yana da kai da hannu biyu da ƙafa biyu, wato gaɓa 35 da zai taɓa kafin ya ɗauki hoto ɗaya, kuma dole takobin ƙwarangwal ya haɗu da na ɗan wasan da aka riga aka ɗauka. Shi kaɗai ya yi aikin, babu kwamfutar da za ta tuna masa inda ya tsaya. Faɗan da bai kai minti biyar ba ya ci masa wata huɗu da rabi.

Yumɓu da zafi

Yumɓun da muka sani na tukwane ruwa ne ke sa shi laushi, idan ruwan ya ƙafe sai ya bushe ya tsage. Ba zai yi wannan aikin ba. Wanda ake amfani da shi wani malamin zane ne mai suna William Harbutt ya haɗa shi a garin Bath na Ingila a 1897, aka sa masa suna Plasticine. Maimakon ruwa, maiƙo ne ke riƙe da garinsa, shi kuwa maiƙo ba ya ƙafewa, don haka yumɓun ba ya bushewa ko an shekara. Amma abin da ya tsere wa bushewa bai tsere wa zafi ba. Fitilun dandali da ɗumin yatsun mai aiki suna sa shi ya saki, hanci ya fara lanƙwasa, farin yumɓu ya ɗebi datti. Kullum ana cikin gyara da gogewa. Idan kuka kalli 'yan tsanan Aardman, Wallace da karensa Gromit, da kyau, za ku ga shatin yatsu a jikinsu. Nick Park, wanda ya ƙirƙiro su, ya fi son a bar shatin, don a san hannun mutum ne ya yi aikin.

A Chicken Run an raba aikin gida biyu. Jikin kajin na silikon ne, wanda ba ya narkewa, kawunansu kuma na yumɓu don a iya canza fuska. Matsalar ita ce mahaɗar kai da jiki tana nunawa. Maganin da suka samo mai sauƙi ne: ku lura, kajin fim ɗin kowace da abin da ta ɗaura a wuya, wata gyale, wata sarƙa. Mai kallo yana ɗauka kwalliya ce, alhali mahaɗa ake ɓoyewa.

Wannan yumɓu ba abin rainawa ba ne. A 2023 masana'antar da ke yi wa Aardman irin wanda yake amfani da shi ta rufe, sai da kamfanin ya saye abin da ya rage a rumbunta. 

Gashi ya fi yumɓu tona asiri. Birin fim ɗin King Kong na 1933 tsawonsa kimanin inci 18 ne, an lulluɓe shi da fatar zomo. Duk lokacin da mai motsa shi, Willis O'Brien, ya kama shi don ya matsar da shi, yatsunsa sukan kwantar da gashin ta wani gefe daban. Da aka haska fim ɗin sai aka ga gashin yana ta motsi da kansa. Kuskure ne, amma wasu masu kallo sun ɗauka tsigar jikin birin ce ke tashi don fushi.

Baki da fuska

Murya ake fara ɗauka kafin a taɓa 'yar tsana. Sai a bi sautin a rubuta a takarda, hoto bayan hoto, inda baki zai rufe, inda zai buɗe, inda zai tsuke. A gidan Aardman akwai jerin bakuna da aka riga aka ƙera wa kowane ɗan wasa, a cire wannan a manna wancan, a shafe mahaɗar da yatsa. Faɗin bakin Wallace ma daga murya ya samo asali, domin yadda Peter Sallis, wanda ya fara yi masa magana, yake jan wasula shi ya sa Park ya buɗe bakin har kusan kunne. Shi kuwa Gromit ba shi da baki sam. Da goshinsa kawai yake nuna mamaki da takaici da tausayi, kuma dannawar da ba ta kai milimita biyu ba ta isa ta canza abin da muke karantawa a fuskarsa. Wannan yana nuna muku yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta ƙware a karatun ido da gira.

Wasu sukan canza kan gaba ɗaya. A fim ɗin The Nightmare Before Christmas na 1993, jarumin yana da kawuna kusan 400. Kamfanin Laika da ke jihar Oregon a Amurka ya kai abin gaba a fim ɗin Coraline na 2009, inda aka riƙa zana fuskoki a kwamfuta ana fitar da su da na'urar 3D mai ƙera abu da jikinsa. An raba fuskar Coraline, yarinyar fim ɗin, biyu, sama da ƙasa, don haka idan aka haɗa wannan goshi da wancan baki ana iya samun yanayin fuska sama da 200,000. A wannan fim ɗin dai wata mai saƙa, Althea Crome, ta saƙa rigunan sanyi da safar hannu na 'yar tsanar da allurai masu sirantaka ƙwarai, furannin itatuwan lambun kuma gugguru ne aka shafa wa fenti.

Haske, ruwa da hayaƙi

Daƙiƙa ɗaya ta fim tana iya cin rabin yini, don haka ba a aiki da hasken rana. Rana tana tafiya, inuwa tana juyawa, kuma idan aka jera hotunan sai a ga hasken yana ɓari. Ana toshe tagogi, a kewaye kowane dandali da baƙin labule, masu aiki da yawa ma baƙaƙen kaya suke sawa don kada farar riga ta mayar da haske kan 'yar tsana a wani hoton ta rasa a wani. Idan ƙarfin lantarki ya ɗan sauka, ya nuna. Idan aka kashe fitilu da dare katakon dandali ya huce ya ɗan tsuke, da safe sai a tarar bango ya matsa. A yau akwai manhajoji irin su Dragonframe da ke nuna hoton da ya gabata shara-shara a kan abin da kyamara ke gani yanzu, mai aiki ya gwada kafin ya ɗauka.

Ruwa ba ya tsayawa a yi masa hoto, haka hayaƙi da wuta. Saboda haka auduga ce hayaƙi, leda shara-shara ko man gashi mai kauri su ne ruwa, hawaye kuma ɗigon gilisarin ne da ake turawa ƙasa kaɗan-kaɗan. Wahalar ruwa ce babban dalilin da ya sa Aardman ya ajiye yumɓu ya yi fim ɗin Flushed Away na 2006 da kwamfuta, domin labarin a cikin magudanar ruwa yake.

Saura abu ɗaya. Idan kyamara ta ɗauki mutum yana gudu, hannunsa da ƙafarsa sukan fito dishi-dishi, saboda sun matsa a ɗan lokacin da idon kyamarar yake buɗe. Mun saba da wannan har ba ma lura. 'Yar tsana kuwa a tsaye take cak a kowane hoto, komai nata ya fito tar, shi ya sa gudunta ke da ɗan tsalle-tsalle. Phil Tippett da abokan aikinsa sun magance wannan a fim ɗin Dragonslayer na 1981 da 'yan injina da ke matsar da dodon fim ɗin a daidai lokacin da idon kyamara yake buɗe.

Kada ku ɗauka sai da kuɗin Turai ake wannan sana'a. Ladislas Starevich ya shiga sana'ar wajen 1910 da matattun ƙwari da ya sa wa ƙafafun waya, bayan masu ran sun ƙi motsi a ƙarƙashin fitila. A nan kusa da mu, Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, kuma ya daɗe yana zaune a Tawa, ya yi fim ɗin Samba le Grand da 'yan tsana a 1977, ya kuma yi Kokoa, inda kwaɗi ke kokawar gargajiya a fage da 'yan kallo. Da kayan da ke hannunsa ya yi su, kuma har yau ana nuna su a bukukuwan finafinai na ƙasashen waje. Abin takaici ne a ce yaranmu sun san katun na ko'ina amma ba su taɓa jin sunansa ba.

Aikin gida

Ku haɗu uku-uku. Ku nemi waya mai kyamara, ku kafa ta da littattafai ko duwatsu yadda ba za ta motsa ba ko kaɗan, a ɗakin da aka rufe taga aka kunna fitila ɗaya. Ku shimfiɗa farar takarda a ƙasa, kyamarar tana kallonta daga sama, ku ɗora marfin kwalba a saman takardar. Karo na farko ku riƙa saukar da marfin da santimita 2 a kowane hoto, har hoto 8. Karo na biyu ku bi jerin Galileo da ma'aunin milimita 2.5, wato 2.5, sai 7.5, sai 12.5, sai 17.5, har hoto 8, wanda zai kai ku santimita 16, daidai da nisan karo na farko. Ku haɗa kowane jeri da manhajar haɗa bidiyo a kan hoto 12 a daƙiƙa, ku nuna wa wani a gida wanda bai san yadda kuka yi ba, ku tambaye shi wanne ne ya faɗi, wanne aka ja. Ku rubuta amsarsa da dalilin da kuke gani ya sa ya faɗi haka, ku zo da shi darasi na gaba.